Karatun Laka: Tarihin Damina da Hawan Teku a Cikin Sinadaran Mashigar Kogi, Daga Kudancin Kaduna Zuwa Neja Delta

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayanin yadda masana kimiyyar ƙasa suke karanta tarihin damina da na hawa da saukar ruwan teku daga sinadaran da ke cikin lakar da koguna suke jibgewa a mashigarsu. An fara daga Kogin Kaduna, a daidai inda ya raba birnin gida biyu, aka bi lakarsa har Neja Delta, sannan aka kwatanta shaidar can da wadda ke kwance a kwarin Tafkin Chadi. Muƙalar ta fayyace hanyoyin ƙidayar shekarun laka, da alamomin da suke bambanta ruwan gishiri da ruwan daɗi, da waɗanda suke nuna ƙarfin damina. An nuna cewa a cikin shekaru 20,000 da suka shuɗe, damina a wannan yanki ta yi sauye-sauyen da suka zarce duk abin da ma'aunan ruwan sama suka rubuta tun farkon ƙarni na 20. Daga ƙarshe an dubi abin da hakan yake nufi ga unguwannin da suka zauna a fadamar kudancin Kaduna, da gudummawar da manazarta Hausa za su iya bayarwa.

Fitilun Kalmomi: laka, delta, damina, Kogin Kaduna, Tafkin Chadi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Kogin Kaduna a watan Agusta ya dubi ƙasa, zai ga ruwan ya cika ya batse, ya rine jawur. Idan ya dawo a watan Fabrairu, sai ya tarar ruwan ya janye ya yi garau, duwatsu sun fito fili, masu ɗibar yashi suna loda motoci a gaɓa. Abin da ya rina ruwan damina shi ne ƙasar da ruwan sama ya kankaro daga gonaki da tuddai da kwazazzabai. Wani kaso na wannan ƙasa yakan kwanta a fadama, wani kuma ya ci gaba da tafiya har sai ya isa inda ƙarfin ruwa ya ƙare.

Inda ƙarfin kogi yake ƙarewa, wato inda ya faɗa teku ko tafki, can yake sauke kayansa. A irin wannan wuri kogi yakan rarrabu yatsu-yatsu, ya gina sabuwar ƙasa da lakarsa. Girkawan dauri sun ga mashigar Kogin Nilu ta yi kama da wani harafinsu mai kusurwa uku, shi ya sa suka laƙaba mata sunan harafin, wato delta. Lakar bana takan kwanta a kan ta bara, ta bara a kan ta bara waccan, don haka wanda ya haƙa ƙasa a delta yana komawa baya ne cikin tarihi. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Wahalar aikin ita ce lakar delta tana ɗauke da labari biyu a cakuɗe. Na farko labarin tudu ne: yawan ruwan saman da ya sauka, da irin tsirran da suka rufe ƙasa. Na biyu labarin teku ne: inda bakin ruwan gishiri ya tsaya a kowane zamani. Manufar wannan muƙala ita ce nuna yadda ake raba labaran biyu, da abin da aka karanto daga cikinsu game da ƙasar Hausa da maƙwabtanta.

2.0 Tafiyar Laka Daga Kaduna Zuwa Teku

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 550. Yana ratsa birnin Kaduna, ya bar Barnawa da Kakuri da Makera da Nasarawa a gaɓarsa ta kudu, ya wuce Shiroro da Zungeru, ya haɗu da Kogin Neja daura da Pategi. Daga nan ruwansa ya zama na Neja, ya gamu da Binuwai a Lakwaja, ya gangara Tekun Atilantika.

Ƙasar da kogin yake ratsawa tsofaffin duwatsu ne masu tauri, irin waɗanda ake gani sun yi tsiri a kewayen Kaduna da Zariya. Zafi da ruwan sama suna cin waɗannan duwatsu sannu a hankali. Sinadarai masu saurin narkewa, irin su sodiyam da kalsiyam da fotasiyam, sukan bi ruwa su tafi. Masu taurin kai, irin su ƙarfe da alminiyam da titaniyam, sukan tsaya su zama jar ƙasa da marmara da farin yumɓun da masana suke kira kawolin. Gwargwadon yawan ruwa da ɗumin zamani, gwargwadon nisan da wannan ci zai yi. Saboda haka tun kafin laka ta bar Kaduna ta riga ta ɗauki tambarin yanayin da ya haife ta.

Akwai dalilin da ya sa lakar Nijeriya take da nauyi a labarin Neja Delta. Kogin Neja, mai tsawon kimanin kilomita 4,180, yana zubar da mafi yawan lakar da ya kwaso daga tsaunukan Gini a cikin faffaɗar fadamar Masina ta ƙasar Mali. Abin da yake isa teku galibi na Binuwai ne da na rassan da suke shiga Neja a ƙasa da Mali, ciki har da Kaduna da Gulbin Sakkwato. Ma'ana, laka mai yawa da ke ƙarƙashin Jihar Bayelsa da Jihar Ribas asalinta ƙasar Arewa ce da ta Kamaru. An daɗe ana wannan jibgi, miliyoyin shekaru, har kaurinsa ya kai kimanin kilomita 12 a wasu wurare. A cikin tsofaffin shimfiɗunsa ne aka samu man fetur a Oloibiri a 1956, kuma neman man ne ya sa aka san cikin wannan delta ƙwarai.

3.0 Ɗibar Samfuri da Ƙidayar Shekaru

Matakin farko shi ne zura dogon bututu cikin ƙasa, ko a gindin teku daga jirgin ruwa, a zaro laka a dunƙule kamar sanda ba tare da an hautsina shimfiɗunta ba. A ɗakin gwaji sai a tsaga wannan sandar laka biyu a tsaye, a adana rabi, a yi aiki da rabi. Akan ɗibi samfuri a kowace santimita ɗaya ko biyu, ko a bi saman sandar da na'urar haske mai auna sinadarai ba tare da ta taɓa lakar ba.

Awon sinadari ba shi da amfani idan ba a san shekarun shimfiɗar da aka ɗebo shi ba. A nan ake dogaro da abin da ake kira aisotof, wato 'yan'uwan sinadari ɗaya waɗanda suka bambanta a nauyi. Wasunsu ba sa zama daram, suna rikiɗewa a kan ƙa'idar da ba ta sauyawa, don haka sun zama agogo. Guda huɗu ne aka fi amfani da su.

Na farko shi ne kabon-14, wanda Willard Libby ya gano amfaninsa a ƙarshen shekarun 1940, har ya samu lambar Nobel a 1960. Duk mai rai yana ɗauke da shi. Da zarar ya mutu sai kabon-14 ya fara raguwa, rabinsa yana ƙarewa a kowace shekara 5,730. Da ɗan guntun itace ko ganye ko ƙwanson halittar ruwa ana iya ƙidaya shekaru har kusan 50,000. Na biyu shi ne dalma-210, wadda rabinta yake ƙarewa a kusan shekaru 22, don haka ta dace da lakar shekaru 100 zuwa 150 na baya-bayan nan. Na uku shi ne siziyam-137, wanda gwaje-gwajen makaman nukiliya suka watsa a sararin sama. Yawansa ya kai ƙololuwa a 1963, saboda haka shimfiɗar da ya fi yawa a cikinta ita ce ta wannan shekara. Na huɗu kuwa yana auna tsawon lokacin da ƙwayar yashi ta yi a binne tun ganinta na ƙarshe da hasken rana, kuma shi ake amfani da shi a tsofaffin gaɓoɓin tafki da tuddan rairayi.

4.0 Alamomin da Ake Karantawa

4.1 Ruwan Gishiri ko Ruwan Daɗi

Alamar da ta fi sauƙin fahimta ita ce farar wuta. Ruwan teku yana ɗauke da narkakkiyar farar wuta fiye da ruwan kogi ninki sama da ɗari. A cikin lakar da ba iska, wasu ƙwayoyin bakteriya suna cin ruɓaɓɓen ganye, su sarrafa wannan farar wuta, ta haɗu da ƙarfe ta zama wani ma'adani mai ƙyalli da ake kira fairait. Robert Berner da Robert Raiswell sun nuna a 1984 cewa idan aka raba nauyin kabon da na farar wuta, lakar teku takan ba da kusan 3, ta ruwan daɗi kuwa takan haura 10. To idan sandar laka ta nuna wannan lissafi ya faɗo daga 15 zuwa 3, an san cewa a daidai wannan zamani teku ya hau ya mamaye fadama.

Ana ƙarfafa wannan shaida da wasu. Yumɓun da ya kwanta a ruwan gishiri ya fi riƙe sinadarin boron. Haka nan ganyen tudu ya fi gansakukar ruwa yawan kabon idan aka gwada shi da naitirojin: na tudu yakan wuce 20, na gansakuka tsakanin 4 da 10. Sannan akwai bununi, wato ƙurar furen tsirrai, wanda yake daɗewa a laka dubban shekaru bai ruɓe ba. Itatuwan mangurob ba sa tsirowa sai inda ruwan gishiri yake hawa yana sauka kullum, saboda haka yawan bununinsu yana nuna inda bakin teku ya taɓa tsayawa.

4.2 Kurmi ko Filin Ciyawa

Tsirrai ba sa ɗaukar kabon daga iska ta hanya ɗaya. Itatuwa da shinkafa da wake suna ƙyamar kabon-13 mai nauyi, don haka ma'auninsu yakan tsaya wajen −27 a sikelin da masana suka amince da shi. Gero da dawa da masara da gamba da sauran ciyayin dajin Arewa ba sa ƙyamarsa sosai, nasu yakan tsaya wajen −13. Wannan bambanci yana bin ruɓaɓɓen ganye har cikin laka. Idan awon ya karkata wajen −27, itatuwa ne suka yawaita a ƙasar da kogi ya ratsa. Idan ya karkata wajen −13, ciyawa ce ta mamaye. Sai dai gansakukar teku tana faɗawa tsakani, wajen −21, don haka dole a haɗa wannan awo da na naitirojin kafin a yanke hukunci. Shi ya sa a yau aka fi auna kabon da ke cikin kakin da yake rufe ganye, domin tsirran tudu ne suke yin sa.

4.3 Ƙarfin Damina

Ƙarfe da titaniyam daga tudu suke zuwa. Kalsiyam ɗin gindin teku kuwa galibinsa daga ƙwanson ƙananan halittun ruwa yake. Idan ƙarfe da titaniyam suka rinjayi kalsiyam a wata shimfiɗa, alama ce kogi ya kawo kaya da yawa. Waɗannan halittu, da ake kira foraminifera, ba su wuce girman ƙwayar yashi ba, amma ƙwansonsu yana riƙe yanayin ruwan da suka rayu a ciki. Ruwan kogi ya fi na saman teku yawan bariyam, ya kuma fi shi oksijin-16 marar nauyi. Idan damina ta yi ƙarfi, kogi ya tura ruwan daɗi nesa cikin teku, sai bariyam ya ƙaru a ƙwanson.

Oksijin yana ba da labari na biyu kuma. A zamanin sanyi, ruwa mai oksijin marar nauyi yana daskarewa ya taru a matsayin ƙanƙara a arewacin duniya, sai teku ya ragu, oksijin-18 mai nauyi ya yawaita a cikinsa. Cesare Emiliani ne ya fara wannan awo a sandunan gindin teku a 1955, Nicholas Shackleton kuma ya nuna a 1967 cewa yawan ƙanƙara ne babban abin da yake juya shi. Ta haka ƙwanso guda yake ba da shaidar ruwan kogi da ta tsayin teku.

5.0 Abin da Lakar ta Bayyana

5.1 Shaidar Neja Delta

Kimanin shekaru 21,000 da suka wuce, ƙanƙara ta rufe arewacin Amurka da arewacin Turai, teku ya sauka ƙasa da inda yake a yau da kusan mita 120. Bakin Kogin Neja yana can nesa, a wurin da yanzu ruwa ya shafe. J. R. L. Allen, a nazarinsa na 1965, ya bayyana tsohon yashin da tekun ya bari a baya sa'ad da yake hawa, da sabuwar lakar da kogin ya shimfiɗa a kansa daga bisani. Hawan ya yi sauri har zuwa kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, sannan ya lafa. Daniel Stanley da Andrew Warne sun nuna a 1994 cewa manyan deltocin duniya na yanzu sun fara ginuwa ne tsakanin shekaru 8,500 da 6,500 da suka wuce, wato daidai lokacin da laka ta fara rinjayar hawan ruwa.

A ɓangaren tudu, Farfesa Margaret Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ta nazarci bununin wata sandar laka daga cikin deltar, ta wallafa sakamakon a 1981. Ta ga yadda kurmi da mangurob suka ja da baya a zamanin fari, suka dawo da dawowar ruwa. Ta kuma ga bununin kwakwar manja ya ƙaru ƙwarai kimanin shekaru 2,800 da suka wuce, abin da ta danganta da sarar daji don noma. Jean Maley na Faransa ya ɗora alhakin hakan a kan sauyin yanayi. Wannan saɓani ya nuna cewa alama ɗaya tana iya karɓar fassara biyu.

Daga gindin teku, sandar da Léo Pastouret da abokan aikinsa suka nazarta a 1978, daura da bakin Neja, ta nuna ruwan kogin ya ƙaru sosai bayan ƙarewar zamanin ƙanƙara. Syee Weldeab da abokan aikinsa sun auna bariyam a wata sanda daga Mashigin Tekun Gini, suka fitar da tarihin damina na shekaru 155,000 a 2007. Tarihin ya nuna damina tana hawa tana sauka, wani lokaci cikin ɗan ƙanƙanen zamani.

Babban dalilin wannan hawa da sauka a sararin sama yake. Duniya tana layi a kan ƙafarta kamar katantanwar da yara suke murzawa, kuma tasirin wannan layi a kan yanayi yana zagayowa a kusan kowace shekara 21,000. Kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, zafin ranar bazara a arewacin duniya ya fi na yau da kashi 7 zuwa 8 cikin 100. Hamada ta ƙara zafi, ta janyo iskar damina daga Atilantika zuwa can ƙuryar arewa. Wannan zamanin ni'ima ya ɗauki daga kimanin shekaru 14,800 zuwa 5,500 da suka wuce, in ban da wani tsaiko na fari a tsakani.

5.2 Shaidar Kwarin Tafkin Chadi

Ƙasar Hausa ba ta da bakin teku, amma maƙwabciyarta Barno tana da abin da ya yi kama da shi. A zamanin ni'imar da aka ambata, Tafkin Chadi ya kai faɗin kimanin murabba'in kilomita 350,000, alhali a 1963, lokacin da ake ganin ya cika, bai wuce 25,000 ba. Tsohuwar gaɓarsa ita ce dogon tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri, kimanin mita 40 sama da tafkin yanzu. Kogunan da suke shiga cikinsa sun gina deltoci, irin su ta Angamma a arewa da tsohuwar deltar Shari a kudu, waɗanda a yau suke tsaye a busasshiyar ƙasa. Idan tafkin ya cika, rararsa takan bi Mayo Kebbi ta faɗa Binuwai, don haka labarin Chadi da na Neja Delta sun haɗu a ruwa ɗaya.

Simon Armitage da Charlie Bristow da Nick Drake sun ƙidaya shekarun yashin waɗannan gaɓoɓi, suka bayyana a 2015 cewa tafkin ya sauka da sauri kimanin shekaru 5,000 da suka wuce, kuma kwarin Bodele na arewacinsa bai gama bushewa ba sai kusan shekaru 1,000 da suka wuce. Bodele ne a yau babban tushen ƙura a duniya. Wani kaso na hazon da yake lulluɓe Kaduna a lokacin hunturu busasshiyar lakar gindin wancan tafki ce.

Mutanen da suka rayu a wancan zamani sun bar shaida. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale a zurfin kimanin mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus sun tono shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, kabon-14 kuma ya nuna ya kai kimanin shekaru 8,000. A zangon Kajemarum na ƙasar Manga, Alayne Street-Perrott da abokan aikinta sun auna sinadaran ƙwanson ƙananan halittu da ƙurar da ta kwanta cikin shekaru 5,500. Sun ga yanayi ya taɓarɓare kimanin shekaru 4,100 da suka wuce, sun kuma ga doguwar fari tsakanin shekaru 1,200 da 1,000 da suka wuce, wadda ta fi ta shekarun 1970 da 1980 tsawo nesa ba kusa ba. Bununin Tafkin Tila na tudun Biu ya nuna cewa a zamanin ni'ima dajin wurin ya fi na yau duhu da danshi, amma bai zama rufaffen kurmi ba.

6.0 Iyakokin Wannan Karatu

Laka ba ta faɗin gaskiya kai tsaye. Na farko, delta tana haɗa kayan koguna da yawa, don haka fari a Sakkwato da ambaliya a Adamawa suna iya soke juna a awo. Na biyu, ƙwayar yashi tana iya yin ɗaruruwan shekaru a fadama kafin wata ambaliya ta sake ɗaukarta, sai labarinta ya iso a makare. Na uku, kogi yakan sauya hanya ya kwashe abin da ya jibge a da, shafuka su ɓace daga littafin. Na huɗu, nauyin laka yana sa delta ta riƙa nutsewa, don haka hawan ruwan da aka gani a sanda yana iya zama saukar ƙasa ne. Na biyar, tsohon kabon da ruwa ya kankaro daga tudu yana sa samfuri ya nuna shekarun da suka fi nasa.

Ga kuma hannun ɗan Adam. Haƙar kuza a Jos tun farkon ƙarni na 20 da faɗaɗa gonaki sun ƙara yawan ƙasar da ruwa yake kwasa. Madatsun ruwa kuwa suna tare ta: Kainji tun 1968, Lagdo ta Kamaru tun 1982, Jebba tun 1985, Shiroro tun 1990. Yashin da ya wuce Barnawa a yau galibinsa a tafkin Shiroro yake kwanciya. Wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da teku yake hawa, domin ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Delta da aka rage wa laka, ruwa kuma yana hawanta, dole gaɓarta ta zaizaye. Maganin waɗannan matsaloli shi ne kada a dogara da alama ɗaya ko sanda ɗaya.

7.0 Komawa Kudancin Kaduna

Kogin Kaduna ba shi da delta a cikin birni, amma yana da fadama da tsofaffin hanyoyin ruwa da tsibiran yashi, kuma ƙa'idar ɗaya ce. Kowace babbar ambaliya takan bar shimfiɗar yashi mai kaushi a tsakanin lallausar lakar shekarun lumana. Ambaliyar 2003 da ta 2012 sun shiga gidaje a gaɓoɓin kogin biyu, kuma har yanzu ana ci gaba da gini a wuraren da ruwa ya saba kwanciya. Mai tsara gari yana buƙatar sanin sau nawa irin wannan ruwa yake zuwa a cikin shekaru 500, alhali rubutaccen awon da yake hannunsa bai fi na ƙarni guda ba. Sandar laka daga tsohuwar hanyar kogi tana iya tsawaita wannan lissafi.

Tarihin unguwannin kudu ma agogo ne. An buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, wasu masana'antu suka biyo baya, matatar mai ta fara aiki a 1980. Zamanin masana'antu a ko'ina yakan bar ƙarin dalma da tagulla da tutiya a lakar magudanai, don haka inda suka fara ƙaruwa a sanda, tare da alamar siziyam ta 1963, zai raba lakar da ta riga birnin zamani da wadda ta biyo bayansa. Kayan aikin ba su yi nisa ba. Hukumar binciken ƙasa da ma'adanai, wadda aka kafa a 1919, ta taɓa yin dogon zama a Kaduna ta Kudu, kuma babban ɗakin gwajinta yana Barnawa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, wadda ta fara aiki a 2004, ana kuma auna sinadaran ƙasa da ita.

Manazarta Hausa suna da abin bayarwa ta fuska biyu. Ta farko ita ce tarihi. Littafin Tarihin Kano ya ambaci yunwar shekara 11 a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618. Lakar Tafkin Bosumtwi na Gana, a nazarin Timothy Shanahan da abokan aikinsa na 2009, ta nuna zamanin ƙarancin ruwa daga kimanin 1400 zuwa 1750. Dacewar lokutan biyu ba hujja ba ce cewa fari kaɗai ne ya jawo waccan yunwa, domin zamanin yaƙe-yaƙe ne da Katsina da Kwararrafa, amma ta buɗe ƙofar bincike. Haka yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda aka san shekarunta, tana iya zama ma'aunin gwada sahihancin sandar laka. Fuska ta biyu ita ce harshe. Manomi da maginin tukwane da mai haƙar rijiya sun daɗe da bambanta laka da taɓo da yumɓu da jigawa da marmara da rairayi. Tattara waɗannan kalmomi da daidaita ma'anoninsu zai sa a iya koyar da wannan fanni da Hausa, a kuma yi wa mazauna fadama bayani da harshen da suke ji.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa farar wuta da boron da bununin mangurob suna faɗin inda teku ya tsaya, yayin da kabon-13 da titaniyam da bariyam suke faɗin halin damina, agogunan aisotof kuma suna sa kowane labari a zamaninsa. Abin da aka karanto daga Neja Delta da kwarin Chadi ya yi daidai a kan manyan batutuwa: teku ya hau kusan mita 120, tafki mai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ya ƙafe, an kuma yi farin da ya ɗauki ƙarnuka. Yanayin da kakanni suka sani ɗan yanki ne na abin da wannan ƙasa ta gani. Waiwaye adon tafiya ne, kuma ga mai shirin kafa tubali a gaɓar Kogin Kaduna, waiwayen da ya fi amfani shi ne duba abin da ke ƙarƙashin filin kafin a fara gini.